Daga Maijirgi zuwa ofishin sufeton ƙwadago: yadda baƙin ma'aikaci ya sami bakin kai ƙara

Duk wanda ya tashi daga Tasawa ya nufi Damagaram ta babbar hanya, sai ya ratsa ta Maijirgi. A nan kaburburan hafsoshin Faransa biyu suke, Voulet da Chanoine, waɗanda kakanninmu suka ɗanɗana azabarsu a shekarar 1899. Yaranmu suna karanta labarinsu a makaranta a matsayin labarin yaƙi da ƙone-ƙonen garuruwa, kuma haka yake. Sai dai akwai wani gefen da ba a cika tsayawa a kansa ba. Abin da ya kawo ƙarshen mutanen nan biyu a ƙasar Tasawa, ƙara ce da wani ya kai, da binciken da gwamnati ta buɗe a kanta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata tambaya da iyaye suke yawan yi a yau. Ɗansu ko 'yarsu ta gama karatu, ta sami aiki a kamfanin baƙi ko wata ƙungiya, aiki ɗaya take yi da wani farar fata ko wani baƙo, amma albashi da daraja sun sha bamban. Ina za a kai kuka? In an kai, za a saurara? Amsar tana da tarihi, kuma ya kamata malamai da iyaye su san shi, domin hanyar kai ƙarar da muke gani yanzu, da gumi da yunwa aka share ta.

Wasiƙar da aka saurara

Rundunar Voulet da Chanoine ta baro bakin kogin Kwara a watan Janairu 1899, ta nufo gabas da niyyar kaiwa tabkin Cadi. Turawan cikinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk baƙaƙe ne: sojoji, tafintoci, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi. 'Yan dakon nan su ne ma'aikatan rundunar. Wanda ya gaji a kashe shi, wanda ya gudu a bi shi. Ba su da albashin kirki, ba su da wanda za su faɗa wa.

Wanda kukansa ya isa Paris Bature ne, Laftanar Péteau, da aka kora daga rundunar bayan ya saɓa da Voulet. Ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa ya zayyana ta'asar da ya gani. Wasiƙar ta kai hannun wani ɗan majalisa, Paul Vigné d'Octon, daga nan ta isa ga gwamnati. A watan Afrilu 1899 aka umarci Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawun rundunar ya bincika. Ya biyo su ta ƙonannun garuruwa, har da Birnin Ƙwanni da aka yi wa kisan gilla a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, ya faɗi nan take. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojin rundunar suka yi tawaye suka kashe Chanoine, sannan Voulet.

A duba yadda abin ya ƙare. A shekarar 1900 Vigné d'Octon ya nemi majalisar Faransa ta kafa kwamitin bincike, mafi rinjaye suka ƙi. A 1902 aka rufe binciken gwamnati, aka ɗora laifin kan hauka, wai zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Ba a biya diyyar gari ko ɗaya ba. Abin da ya girgiza Faransa shi ne Bature ya harbe Bature mai muƙami. Mutanen Lugu da Ƙwanni da ƙauyukan Tasawa, da 'yan dakon da suka mutu a hanya, ba su shiga lissafi ba.

Zamanin da mai dukanka shi ne alƙalinka

Bayan an kafa mulki, abin ya zama doka. Faransawa sun raba mutanen da suke mulka gida biyu: 'yan ƙasa masu cikakken 'yanci, da talakawan mulki. Kusan duk mutanen Nijar a kaso na biyu suke. A ƙarƙashin dokar da ake kira indigénat, kumandan yana iya ɗaure mutum har kwana 15 ko ya ci shi tara ba tare da an shiga kotu ba. Ga kuma aikin tilas: gyaran hanya, ginin bariki, ɗaukar kaya, ba ko sisi. Dattawan Tasawa da Mayahi da suka riski iyayensu sun ji labarin yadda ake bin gida-gida ana ɗibar majiya ƙarfi. Wanda aka zalunta a wurin irin wannan aiki, in zai kai ƙara, wurin kumandan zai kai, alhali kumandan ne ya ba da umarnin.

Su ma masu ilimin boko ba su tsira ba. Boubou Hama, Diori Hamani da Djibo Bakary duk sun fito daga makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ita ce ƙololuwar karatun ɗan Afirka ta Yamma a lokacin, kuma dukkansu da koyarwa suka fara aiki. Amma takardar Ponty a Afirka kaɗai take da daraja. Malamin da ya fito daga can ana ajiye shi a wani layi na ƙasa, Baturen da ya zo daga Faransa yana layi na sama. Allo ɗaya, alli ɗaya, yara ɗaya, amma Bature yana da ƙarin kuɗin zama a ƙasar zafi, da gida, da hutu zuwa Faransa a kuɗin gwamnati, da kuɗin iyali mai kauri. Ba abin mamaki ba ne da malaman makaranta suka zama jagororin siyasa da na ƙwadago a Nijar. Sun ga bambancin a takardar albashinsu kowane ƙarshen wata.

Ƙofa ta fara buɗewa

Yaƙin duniya na biyu ya sauya lissafi. Faransa ta sha kashi, kuma da taimakon sojojin Afirka ta miƙe. A watan Agusta 1944 aka fitar da dokoki biyu masu muhimmanci: ɗaya ta faɗaɗa 'yancin kafa ƙungiyoyin ƙwadago, ɗayar ta kafa rukunin sufetocin ƙwadago a ƙasashen da ake mulka. Tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 aka soke indigénat. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar ta haramta aikin tilas. Ranar 7 ga Mayu 1946 dokar Lamine Guèye ta mayar da talakawan mulki 'yan ƙasa.

Sufeton ƙwadago shi ma Bature ne, kuma gwamnatin mulkin mallaka ce take biyansa. Duk da haka zuwansa ya kawo sabon abu: an sami ofishin da aikinsa shi ne ya karɓi koken ma'aikaci, ya rubuta shi, ya kira mai aiki, ya duba littattafan albashi. Abin da aka rubuta kuwa ana iya ɗauko shi gobe a kafa hujja da shi. Ma'aikatan Dakar ne suka fara gwada ƙofar. A watan Janairu 1946 suka tsayar da birnin cak na kusan kwana 12, suna neman aiki ɗaya albashi ɗaya. Gwamnati ta ga ba ta da mafita sai zama kan tebur, rukuni-rukuni, har aka ƙara albashi.

Kwana 160 na ma'aikatan jirgin ƙasa

Babban gwajin ya zo daga ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin duk matakan da mai kai ƙara yake bi suna cikin labarin.

Layukan dogo huɗu ne a Afirka ta Yamma ta Faransa: Dakar-Niger, Conakry-Niger, Abidjan-Niger da Bénin-Niger. Sunan kogin ne suka ɗauka; babu wanda ya iso ƙasar Nijar a cikinsu, gyaɗar Maraɗi da Tasawa ma ta dogon Kano take fita. Amma abin da aka yanke a kansu ya shafi kowane ma'aikaci har Damagaram. Turawan da ke aikin dogon ba su kai 500 ba, kuma su ne a saman tsani. 'Yan Afirka masu aikin dindindin ba su kai 2,000 ba. Sauran, fiye da 15,000, ana kiransu 'yan taimako: mutum ya shekara goma yana tuƙa inji ko yana ƙira a garejin Thiès, amma a takarda shi ɗan wucin gadi ne, ba gida, ba tabbacin gobe.

A 1946 ƙungiyarsu ta zaɓi Ibrahima Sarr ya jagorance ta. Buƙatarsu ɗaya ce: a haɗe kowa, fari da baƙi, a tsani guda, abin da suke kira cadre unique da Faransanci, a kuma shigar da 'yan taimako ciki. Ba su fara da yajin aiki ba. Sun rubuta buƙatunsu, sun shiga kwamitin haɗin gwiwa da shugabannin dogo, aka yi ta jan zama wata da watanni. Da suka ga ana wasa da hankalinsu, sai suka zaɓi lokaci: a watan Afrilu 1947, daidai lokacin da shugaban Faransa Vincent Auriol yake ziyara a Dakar, suka ajiye aiki na kwana uku. Kunya ta sa gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar da ta amince da tsani guda.

Sa hannu daban, cikawa daban. A watan Agusta majalisar gudanarwar dogon ta yi fatali da abin da kwamitin ya tsara. Rigimar ta koma kan abubuwan da suke kama da ƙanana: daga wace rana za a fara lissafin sabon matsayi, wa ya cancanci gida, wace jarrabawa za a ci kafin a hau mataki, yaya za a raba kuɗin ƙarshen shekara. Ma'aikatan sun gane cewa a cikin waɗannan ƙananan sharuɗɗa ne wariyar za ta ɓuya. Ranar 10 ga Oktoba 1947 kusan mutum 20,000 suka ajiye aiki a layukan huɗu da tashoshin ruwan da ke ƙarƙashinsu.

Gwamnati ta juyo da doka kansu. Ta ce sun tsallake matakin sasantawa na dole, ta kai Sarr kotu aka yanke masa hukunci. Hukumar dogo ta ɗauko sabbin ma'aikata, har da Turawa daga Faransa. Babban sufeton ƙwadago, Pierre Pélisson, yana tsakiya: ma'aikacin gwamnati ne, amma aikinsa shi ne ya nemo sulhu. Abin da ya riƙe masu yajin shi ne jama'arsu. Mata suka yi ta fafutukar abin da za a ɗora a murhu, 'yan kasuwa suka ba da bashi, wasu ma'aikatan suka koma ƙauye noma da kamun kifi. Layin Abidjan ya koma aiki a Janairu 1948, sauran suka dage. Sai da aka naɗa sabon babban kwamishina, Paul Béchard, sannan aka daidaita, aka koma aiki ranar 19 ga Maris 1948.

Ba su sami duk abin da suka nema ba. An rage yawan ma'aikata, kuma ba duk 'yan taimako aka shigar lokaci guda ba. Amma tsani guda ya tabbata, kuma ba a hukunta kowa don ya yi yaji ba. Wannan yajin ne marubucin Senegal Ousmane Sembène ya gina littafinsa na 1960 a kai, wanda ɗalibai da yawa a Nijar suka karanta a aji.

Doka ta fito, wariya ta sauya riga

Ranar 30 ga Yuni 1950 aka zartar da doka ta biyu mai sunan Lamine Guèye. Ta ce ba za a bambanta albashi da alawus na ma'aikatan gwamnati saboda launin fata, asali ko wurin da aka ɗauki mutum aiki ba. Da aka zo aiwatarwa, sai aka raba aikin gwamnati mataki uku, aka ce takardar karatu ce za ta nuna inda kowa zai shiga. Wa yake da takardar jami'ar Faransa a lokacin? Nijar ba ta sami jami'a ba sai a 1971. Kalmar launin fata ta fita daga doka, amma mutanen da ke sama da waɗanda ke ƙasa kusan ba su canza ba.

Ma'aikatan kamfanoni kuwa sun jira dokar ƙwadago shekara da shekaru tana kwance a majalisar Paris. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin gama-gari na kwana ɗaya a faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa. Kafin watan ya ƙare majalisa ta amince, ranar 15 ga Disamba 1952 dokar ta fito. Ta kawo aikin awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da kotunan ƙwadago da ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, da wakilan ma'aikata. Sashe na 91 ya ce in aiki ɗaya ne, ƙwarewa ɗaya, abin da ake samarwa ɗaya, to albashi ɗaya ne, ko daga ina mutum ya fito.

Nan ma sai da aka sake tashi tsaye, domin masu kamfanoni sun rage awoyi ba tare da ƙara kuɗin awa yadda ya kamata ba. A 1953 aka yi ta yaje-yaje. Na Gini, ƙarƙashin Sékou Touré, ya haura wata biyu. A Nijar, Djibo Bakary, wanda ya bar alli ya koma haɗa kan leburori da masu aikin lambu da 'yan aikin gida, ya jagoranci yajin watan Agusta 1953 a Yamai. Daga wannan gwagwarmaya ce ya sami farin jinin da ya kai shi kujerar magajin garin Yamai a 1956.

Bayan tafiyar Nasara

Nijar mai 'yanci ta gaji wannan tsari. A 1962 ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana nuna bambanci a wurin aiki. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012, a sashe na 5, ta hana mai aiki ya duba launin fata, asali, jinsi ko addini wajen ɗauka, biya, ƙarin girma ko kora. Dokar hukunta laifuka ma ta tanadi ɗauri ga mai nuna wariyar launi ko ƙabila.

Laifi tudu ne, don haka kada mu hango na baƙi kaɗai. Hadijatou Mani an sayar da ita tana da shekara 12, a 1996, kan jika 240, ta yi shekara tara tana bauta a yankin Ƙwanni saboda asalin mahaifiyarta. Da ta nemi 'yancinta, kotunan gida suka yi ta juya ta, har aka ɗaure ta don ta auri wanda take so. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Waɗanda suka zalunce ta 'yan ƙasa ne, alƙalan da suka kau da kai ma haka.

Tsohon ciwon kuma bai warke ba. A watan Maris 2025 gwamnati ta umarci manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin man fetur, ciki har da na matatar SORAZ ta Damagaram, su bar ƙasar. Ministan man fetur na lokacin, Sahabi Oumarou, ya ce matsakaicin albashin ɗan Sin ya kai dala 8,678 a wata, na ɗan Nijar a muƙami iri ɗaya kuwa dala 1,200. Alƙaluman na minista ne, kuma mataki ne na gwamnati, ba hukuncin kotu ba. Amma duk wanda ya san labarin Ibrahima Sarr zai gane muryar.

Abin da za mu gaya wa yara

In ɗanka ya zo maka da irin wannan kuka, kada ka ce masa ya yi haƙuri kawai, kada kuma ka zuga shi ya yi faɗa a ofis. Ka tambaye shi takardunsa: kwantiragi, takardun albashi na kowane wata, wasiƙar da ta faɗi aikinsa. Ya riƙa rubuta abin da ya faru da rana da wuri da waɗanda suka gani. Ya nemo wanda suke aiki iri ɗaya da shi, domin bambanci ba ya tabbata sai an ajiye abu biyu kusa da juna. Mai aiki ba zai taɓa cewa don launinka ne ba; zai ce takardar karatu ce, ko alawus ɗin baƙunta, kamar yadda aka ce a 1950. Amsar ita ce a nuna aikin da kowa yake yi a zahiri.

Daga nan sai wakilin ma'aikata da ƙungiyar ƙwadago. Doka ta ba wakili kariya: ba a korarsa sai da izinin sufeto. Sai ofishin sufeton ƙwadago, wanda mutanen Tasawa da Mayahi suke da shi a Maraɗi. Sufeto zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. In an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba a rubuta, a wuce kotun ƙwadago. Kada a yi jinkiri, domin neman haƙƙin albashi yana da wa'adi. Malamin makaranta mai zaman kanta yana cikin wannan tsari. Ma'aikacin gwamnati na dindindin kuwa dokarsa daban ce, hanyarsa ta ma'aikatarsa da kotun harkokin mulki take bi.

Ku kuma malamai, in kun zo darasin Voulet da Chanoine, kada ku tsaya a Dankori. Ku tambayi yara: me ya sa wasiƙar mutum ɗaya ta motsa gwamnati, kukan dubbai bai motsa ta ba? Sannan ku kai su 1947, su ga yadda mutanen da ba a jin muryarsu suka koyi rubuta buƙata, da ajiye hujja, da riƙe juna har kwana 160. Wasu daga cikin yaran nan gobe za su yi aiki a matatar mai ko ma'adinai, wasu su ne za su zama sufetocin da za a kawo wa ƙara. Yaron da ya taso ya san abin da ya faru da 'yan dakon Maijirgi, in aka ajiye masa koken lebura a kan tebur, da wuya ya tura shi cikin durowa.